Ƙwararre ko Ɗan Ƙwadago? Tarken Yadda Ake Ba da Tarihin Arthur Wharton (1865–1930)

Gabatarwa

Duk mai sauraren labarin wasanni a gidajen rediyonmu ya saba da jin ana cewa wane "ƙwararren ɗan wasa" ne, ko kuwa wane ya ƙetare zuwa Turai ya zama "ƙwararre". Da wannan kalma ce masu fassara suka daɗe suna maye gurbin kalmar Turanci ta *professional*, har kunne ya saba da ita, ba mai tsayawa ya duba ko rigar ta yi wa mai ita daidai. Wannan maƙala za ta ɗauki rayuwar mutum guda, watau Arthur Wharton, wanda aka fi sani da baƙin mutum na farko da ya ci abinci da ƙwallon ƙafa a Ingila, ta auna kalmar da ita. Za ta kuma auna yadda marubuta suka ba da tarihinsa, musamman littafin Phil Vasili mai suna *The First Black Footballer*, wanda aka buga a Landan a 1998. Abin da ake son nunawa shi ne, a zamanin Wharton, karɓar kuɗi domin wasa ba hawa ba ne ga mutum irinsa, sauka ce. Kuma duk tarihin da ya rufe ido ga wannan ya rasa jigon rayuwar da yake bayarwa.

Asalinsa da tashensa

An haifi Wharton ranar 28 ga Oktoba, 1865, a unguwar Jamestown ta birnin Akara, a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin mishan ne na ɗariƙar Metodis, mutumin tsibirin Girenada da ke yankin Karibiyan. Mahaifiyarsa, Annie Florence Grant, ta haɗa jini da gidan sarautar Fante ta wajen uwa, mahaifinta kuwa falke ne daga Sikotilan. Kawunsa, F. C. Grant, attajiri ne mai jaridar *Gold Coast Times*. A taƙaice dai, ɗan babban gida ne, daga cikin 'yan bokon bakin teku waɗanda suka riƙe ciniki da coci da jarida a ƙarni na 19. Mahaifin ya rasu a 1873. A 1882 aka tura yaron Ingila domin ya yi karatun da zai kai shi ga aikin mishan, ya fara a wata makaranta a Cannock, daga bisani ya koma wata a Darlington.

A can ne ƙafa ta rinjayi littafi. A watan Yuli na 1886, a filin Stamford Bridge da ke Landan, ya lashe tseren yadi 100 na gasar ƙasa cikin daƙiƙa 10 cif, ya kuma sake riƙe kambin a 1887. Yana tsaron gida wa ƙungiyar Darlington sai Preston North End, wadda a lokacin ba ta da na biyu a Ingila, ta ɗauke shi. Shi ne ya tsare mata raga a gasar Kofin FA ta 1886–87, har zuwa wasan kusa da na ƙarshe inda West Bromwich Albion ta doke su da ci 3 da 1. Bayan wannan ya yi tseren keke, ya kuma buga kurket. Duk wannan tashe ya yi shi ne a matsayin *amateur*, watau mai wasa don sha'awa, wanda a ƙa'ida ba a biyansa ko sisi.

A 1888 ya bar Preston ya koma Sheffield ya shiga tseren kuɗi. A 1889 ya sa hannu da Rotherham Town a matsayin ɗan wasa mai albashi. Daga nan sai Sheffield United a 1894, sai Stalybridge Rovers da Ashton North End, ya rufe da Stockport County a 1902.

Abin da kalmar ke nufi a 1889

To, a nan ne fassararmu take tuntuɓe. Idan aka rubuta da Hausa cewa "Wharton ya zama ƙwararre a 1889", an faɗi abin da ba haka ba ne. Ƙwarewa a Hausa gwaninta ce, kuma gwanintar Wharton ta kai ƙololuwa tun a 1886 da 1887, sa'ad da yake zakaran tsere na ƙasa baki ɗaya kuma mai tsaron gidan ƙungiyar da ta fi kowace. Abin da ya faru a 1889 shi ne ya zama ma'aikaci. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ma ba ta cikin manyan ƙungiyoyi 12 da suka kafa gasar lig a 1888. Tana buga gasar yankin tsakiyar Ingila ne, sai a 1893 ta sami shiga rukuni na biyu. Preston kuwa, a kakar da ta biyo bayan tafiyarsa, ta cinye lig ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta haɗa da Kofin FA ba tare da an jefa mata ƙwallo a raga ba. Wharton bai ga wannan daula ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda Ingilar wancan zamani take kallon wanda ake biya. 'Ya'yan manya da suka fito daga makarantun kwana masu tsada su ne suka tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863, kuma a wurinsu wasa tarbiyya ce, wanda ya karɓi lada a kai ya zubar da mutuncinsa. A 1884 an kori Preston daga Kofin FA bayan shugabanta, William Sudell, ya amsa cewa yana biyan 'yan wasansa. Sai da ƙungiyoyin garuruwan masaƙu na arewa suka yi barazanar ɓallewa sannan hukumar ta halatta biyan albashi a watan Yuli na 1885, shi ma da sharuɗɗa masu tsauri: dole ɗan wasan ya kasance haifaffen wurin ko ya zauna shekara 2 cikin mil 6 daga filin ƙungiyarsa, kuma ba shi da kujera a kwamitin hukumar. A 1893 aka shigo da tsarin da ya hana ɗan wasa sauya ƙungiya sai da yardar wadda ta riƙe rajistarsa. A 1901 aka ƙayyade albashi kada ya wuce fam 4 a mako, kuma ba a cire wannan takunkumi na ƙayyade albashi ba sai a 1961. A wasan kurket abin ya fi haka fitowa fili, domin har zuwa 1962 ana raba 'yan wasa gida biyu, "masu mutunci" da "'yan wasa", a wasu filaye ma kowane ɓangare da ɗakin sauya tufafinsa da ƙofar fitarsa. Tseren kuɗi kuwa, wanda Wharton ya shiga a Sheffield, tsere ne da ake ba marasa sauri rata domin caca ta yi armashi, kuma masu gidajen giya da 'yan caca ne ke ɗaukar nauyinsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani, shi ya sa ma abin mamaki ne da fassararmu ta kasa kama shi. Mun san bambancin ɗan gado da ɗan haye, abin da M. G. Smith ya tattauna a 1959 da sunan karda da shigege. Mun san cewa dambe, duk da farin jininsa, an daɗe ana danganta shi da mahauta, kuma ɗan malami ko ɗan sarauta da ya ɗaure hannu ya shiga fage domin a yi masa kari, ba za a ce ya ci gaba ba, ko da kuwa ya kashe kowa. Ɗan liman ne, jikan gidan sarauta, aka tura shi neman ilmi ya ɓuge da gudu domin 'yan caca su ci riba. Da wannan ido danginsa na Gwalkwas za su dube shi, da shi kuma hukuma ta dube shi: a 1893 ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta ƙasarsu aka hana shi, kuma sana'ar wasan tana cikin abubuwan da aka riƙe a kansa. Neman aikin nan kansa shaida ce babba. Mutumin da yake ganin ya isa inda za shi ba ya neman hanyar komawa gida ya zama ma'aikacin ofis.

Saboda haka, a ganina, ya fi dacewa mu ce "ɗan wasan sana'a" a inda Turanci ya ce *professional*, mu ce "ɗan wasan sha'awa" a inda ya ce *amateur*, mu bar "ƙwararre" ga ma'anarta ta asali. Gaskiya ne a yau, da yaro zai tashi daga Kano Pillars ya kai ga Leicester City kamar yadda Ahmed Musa ya yi a 2016, sana'a da gwaninta da dukiya sun haɗu wuri guda, har kuskuren ba ya fitowa. Amma da zarar an koma tarihi sai ɗinkin ya ɓalle.

Littafin Vasili

Kafin Vasili, masanin tarihi Ray Jenkins ya wallafa maƙala a kan Wharton a 1990, kuma a kan wannan harsashi aka ɗora littafin. Wajibi ne a yaba wa aikin tun kafin a taɓa shi. Wharton bai bar tarihin kansa a rubuce ba. Abin da ya rage warwatse yake cikin jaridun lardi na Darlington da Preston da Sheffield da Rotherham, da takardun mishan, da na ofishin mulkin mallaka. Tattaro mutum daga irin wannan ɓaraguzai aiki ne na haƙuri, kuma duk wanda ya yi rubutu a kan Wharton bayan 1998 daga rijiyar nan ya sha.

Jigon littafin yana cikin ƙaramin takensa, wanda ke nuni da rashin tunawa. Hujjar marubucin ita ce mantawar da aka yi da Wharton ba haɗari ba ne. Tashensa ya zo daidai da rabon Afirka: an tashi taron Balin a 1885, shekara guda kafin ya zama zakaran tsere, ya tsaya a ragar Sheffield United a rukunin farko a watan Fabrairu na 1895, ƙasa da shekara guda kafin sojan Ingila su shiga Kumasi su kama Sarki Prempeh. Daular da ke koya wa 'ya'yanta cewa baƙar fata ƙasƙantacce ne a jiki da hankali ba ta da wurin ajiye ɗan Afirkan da ya tsere wa zaɓaɓɓun samarinta a tsakiyar Landan. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma laƙabin "Darkie" da jaridu suka manna masa, wanda ba ya nufin komai sai launin fatarsa, ya isa shaida cewa ba a taɓa kallonsa ba tare da an ga launin ba. Har ila yau, Vasili bai tsaya ga launi kaɗai ba. Ya ba matsayin aji muhimmanci, ya bi Wharton daga gidan 'yan boko har cikin ramin kwal. Ta wannan fuska littafin ya fi yawancin waɗanda suka taƙaita shi daga baya gaskiya.

Rauninsa na farko na zubi ne. Saboda ƙarancin abin da ya rage na mutumin, marubucin ya cike giɓin da zamanin: tarihin mulkin mallaka, da ra'ayoyin masana na ƙarni na 19 game da jinsi, da gwagwarmayar ma'aikata. Duk abubuwa ne masu amfani, amma mai karatu yakan yi tafiya mai nisa bai haɗu da Wharton ba, kamar wanda aka gayyata walima aka yi ta zagayawa da shi cikin gida ba a kai shi ga akushi ba. Na biyu ya fi wannan nauyi. Idan marubuci ya riƙe babban ra'ayi guda, yakan so kowane abu ya zama hujjarsa, sai mutumin da ake ba da tarihinsa ya koma misali kawai. Wharton ya yi zaɓi da kansa: ya bar karatu, ya bar Preston ana gab da cin daula, ya bi kuɗin tsere, ya riƙe gidajen giya a Rotherham, ya saɓa da shugabannin ƙungiya a Stalybridge. Wasu daga cikin waɗannan tilas ce ta rayuwa, wasu kuwa hali ne. Tarihi nagari yana barin mutum ya ɗauki alhakin rabonsa na kuskure, domin wanda aka wanke daga kowane laifi an kuma raba shi da ikon kansa.

Batun rashin kiransa cikin ƙungiyar Ingila misali ne. A lokacin tashensa an sami masu kira a jaridun arewa da a ɗauke shi. Cewa launi zai iya hana shi, wannan ba abin musu ba ne: a 1925 an sanar da sunan Jack Leslie na Plymouth Argyle cikin waɗanda aka zaɓa, sannan sunan ya ɓace, kuma sai a 1978 Viv Anderson ya zama baƙi na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar Ingila. Amma mai tarke dole ya ɗora sauran nauyin a kan ma'auni. Tashen Wharton a babban mataki gajere ne, ya kuma raba shi da tsere. Da ya isa Sheffield United, sai ya tarar da William Foulke, saurayi ɗan shekara 20, wanda daga baya ya ci lig a 1898 da Kofin FA a 1899 da 1902, ya kuma buga wa Ingila. Wasa ɗaya tak Wharton ya samu a rukunin farko, wanda suka yi da Sunderland. Wanda Foulke ya zaunar a benci ba lallai ne a nemo dalilin a fatarsa ba.

"Na farko"

Taken littafin kansa ya jawo matsala. Wharton ba shi ne baƙi na farko da ya buga ƙwallo a Birtaniya ba. Andrew Watson, haifaffen Gayana a 1856, ya buga wa Sikotilan sau 3, kuma shi ne kyaftin ranar da suka lallasa Ingila da ci 6 da 1 a Landan a watan Maris na 1881, tun Wharton bai bar gida domin karatun mishan ba. Kafin Watson ma akwai Robert Walker a Glasgow. Abin da ya rage wa Wharton shi ne ya zama na farko da aka biya, shi ma akwai manazarta da ke ganin ƙungiyar Bootle ta biya Watson a 1887. Tunda a wancan zamani ana biyan 'yan wasa da yawa a ɓoye, ta hanyar ba su aikin ƙarya ko cusa musu kuɗi a takalmi, neman wanda ya fara karɓa kamar neman wanda ya fara shan ruwa a kogi ne. Wannan gasa ta "na farko" cuta ce ta rubutun tarihin baƙaƙe a Turai: tana mayar da rayuwa sukutum ta zama layi guda a jadawali, kuma ranar da aka gano wani ya riga shi, sai a ga kamar darajarsa ta ragu, alhali ba abin da ya sauya a abin da ya aikata.

Mai tsaron gida a bakin mutane

Akwai wani ɓangare da ya kamata ya ja hankalin masu nazarin adabin baka. Ana ba da labari cewa Wharton yakan tsuguna a gindin turken raga har sai ƙwallo ta taso, sannan ya zabura ya tare ta. Ana kuma cewa a wani wasa tsakanin Rotherham da Sheffield Wednesday ya yi tsalle ya kama sandar sama, ya cafke ƙwallo da ƙafafunsa, 'yan gaba 3 da suka taho a guje suka zube cikin raga. Wannan labari na biyu ya fito ne daga wasiƙar da wani mai kallo ya aika wa wata jaridar Sheffield a 1942, kimanin shekara 50 bayan wasan, shekara 12 bayan rasuwar mai wasan. Marubutan baya suna kawo shi kamar rahoton da aka ɗauka a bakin fili.

Ba ina cewa ƙarya ba ne. Dokokin lokacin sun ba shi gindin zama, domin an yarda 'yan gaba su banke mai tsaron gida, har su tura shi cikin raga, shi kuma yana da izinin taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu har zuwa 1912. Mutum mai saurin Wharton, wanda ya san taron ƙarti na tafe, rataya a sanda dabara ce ta tsira. Amma siffar labarin siffar kirari ce: gwani ɗaya, abokan gaba uku, dabara guda ta kunyata su duka. Haka muke ba da labarin 'yan damben da da 'yan kokawa, kowace shekara bugun yana ƙara nauyi. Darajar irin wannan labari ita ce yana nuna abin da talakawan Yorkshire suka riƙe, kuma yana rage wa hujjar "an manta da shi" ƙarfi kaɗan. Littattafan hukuma sun manta da shi; tsofaffin da suka tsaya a bayan raga ba su manta ba.

Shekarun ƙarshe

Bayan 1902 sai rayuwa ta yi ta gangarowa, shan giya kuma ya yi masa illa. Ya ƙare yana aikin jan kekunan kwal a mahaƙar Yorkshire Main da ke Edlington kusa da Doncaster, inda babban yajin aikin 1926 ya same shi. Ya rasu a watan Disamba na 1930 yana da shekara 65, ba shi da komai, aka binne shi a kabarin da ba alama. Sai a 1997 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launi a ƙwallon ƙafa da ke Sheffield ta tara kuɗi aka kafa masa dutse. A 2003 aka shigar da sunansa zauren gwarazan ƙwallon ƙafa na Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a cibiyar horon ƙungiyoyin ƙasar da ke St George's Park.

Masu ba da labarin a taƙaice sukan kawo wannan ƙarshe a matsayin abin al'ajabi, wai yaya tauraro ya mutu a matsiyaci. Ga wanda ya fahimci ma'anar sana'ar a wancan zamani, ba abin al'ajabi a ciki. Ɗan wasan sana'a na shekarun 1890 ba shi da fansho, ba shi da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, domin wadda ta ɗore ba a kafa ta ba sai a 1907, shekara 5 bayan Wharton ya rataye takalmi. Da yawa daga abokan wasansa farare daga masaƙa ko mahaƙa suka fito, can kuma suka koma da ƙafa ta gaza. Bambancin Wharton da su shi ne, su sun koma inda suka fito, shi kuwa bai taɓa fitowa daga can ba. Sana'ar ce ta kai shi. Mutum-mutumin St George's Park ya nuna shi a sama, ya miƙe jiki yana ture ƙwallo ta kan sanda. Shekarun da ya yi yana jan kwal a Edlington sun ninka waɗanda ya yi a ragar Preston sau da yawa.